Neman kalma: filin tanis na El Esfinar, kafin ƙarfe 8

Mai Makirfo: Salamu alaikum. Ina da shirin wasanni ƙarfe 8 na dare, zan taɓo gasar tanis ta El Esfinar da ke lardin Segobiya, yankin Kastiya da Leyon a Sifaniya. Gasar Challenger ce, wato ƙasa da manyan gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, inda matasa ke tara maki. Nadal ya ɗauke ta a 2003 yana ɗan shekara 17. Sifaniya da filayen tanis na jar ƙasa aka san ta, amma wannan a kan "hard court" ake buga ta. Me zan ce da shi?

Bazazzagi: Filin siminti. Kowa zai gane.

Uwar Biyu: Ba zallar siminti ba ne. Kankare ko kwalta ake shimfiɗawa, sannan a bi da fenti mai kauri da aka gauraya da yashi. Yawan yashin ne ke rage gudun ƙwallo. Filin daɓe ya fi.

Malam Na-Aji: Daɓe da ƙasa ake yin sa, 'yata, mata na bugu suna waƙa. Sai mai sauraro ya ɗauka jar ƙasar ake nufi. Muna da fako. Ƙasa ce mai tauri, ko ciyawa ba ta fita, fartanya tsalle take yi a kai. Shekara da shekaru ina cewa fako.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, fako ai wurin da ba shi da amfani ne. A ce Nadal ya ci kofi a fako? Sai a zaci gudun hijira ya yi.

Malam Na-Aji: Ku da kuke cewa siminti, kakanku ne ya raɗa? Sai an ari bakin Bature sannan ku ji magana ta yi daraja.

Ɗan Maraɗi: Mu nan suma mukan ce, ba siminti ba. Amma in Kano ta yanke, wa ke tambayarmu?

Uwar Biyu: To, an fara.

Malam Na-Aji: Ba Kano ba ce matsalar, 'yan rediyo ne. Su suka ba mu "tanis" ma, ba su shawarci kowa ba.

Mai Makirfo: Malam, tuba nake, amma bakwai ta gota. Ga Challenger ɗin ma ba a taɓa ba. Gasar 'yan dagaji?

Bazazzagi: A'a, waɗannan ƙwararru ne, kuɗi suke ci. Ce gasa mai daraja ta biyu. Kuma ka faɗa musu garin a kan duwatsun Gwadarama yake, sama da mita 1,000, shi ya sa ƙwallo ke gudu kamar an harba ta.

Mai Makirfo: Na rubuta "fili mai tauri", zan bi da bayanin Hajiya Uwar Biyu sau ɗaya. Na gode.

Malam Na-Aji: Fili mai tauri bayani ne, ba suna ba. Je ka, yau dai.