Na ga gida a Badariya, nawa ya kamata in taya?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema. Shekara tara ina haya nan Birnin Kebbi, bana na sai da gonar da na gada wajen Kalgo na haɗa da ɗan abin da na tara, sai wani dillali ya kai ni wani gida Badariya, ɗaki uku da falo, ga rijiya tsakar gida. Ya ce miliyan 18 mai shi ka so, ni ko duk abin da ke hannuna 15 ne. Kuskuren da na yi, da maiɗakina munka tai, tun daga zaure ta fara cewa ga inda za ta ɗaure tumakinta, dillalin na tsaye yana ji. Tun ranan kullum sai ya kira wai wani Alhaji daga Jega ya taya 17, in ban yi sauri ba gida ya tafi. Ban taɓa sayen ko fili ba, wallahi barci ma ba ni iyawa.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka. In da gaske an taya 17 a gidan da anka sa ma 18, da tuni an sallama, ba kai za a tsaya kira kullum ba. Abu na farko ka ce sai ka ga mai gida ido da ido, don sau da yawa mai gida 14 ya ce, dillali ya ɗora nashi, wani dillalin da ya ba shi labari shi ma ya ɗora, kafin magana ta iso gare ka ta kumbura. In kun zauna ka taya 12. Zai ce albarka, ka yi godiya ka tashi abinka, kar ka ƙara ko sisi a zaman farko. Kuma kada bakinka ya kuskura ya faɗi 15 ɗin nan ko ga abokinka, don akwai la'ada da kuɗin takardu da gyara suna jiranka, 13 da rabi ya kamata ta zam iyakarka.

Magini Ɗan Gesse:
Oga ka je da magini naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka duba gindin bango ta waje da ciki, in ka ga sabon fenti iya gwiwa kawai to ruwa na kwanciya nan, an rufe ne. Silin in da tabo ruwan ƙasa kwano na yoyo. A buɗe murfin sokawe a gani, a jefa guga rijiya a ga ko tana kai rani. Bashin wuta ma ka nemi bil na ƙarshe ka gani ko ana bin gidan. Sannan ka tambayi maƙwabta yadda layin ke yi cikin watan Agusta, wanda ya ga ambaliyar 2020 a jahar nan ba ya wasa da maganar hanyar ruwa. Duk abin da anka gani a rubuta da kuɗinsa a takarda, buhun siminti nawa, bandir ɗin kwano nawa, ita za ka aje gaban mai gida. Rangwamen da ke da dalili ya fi saurin samuwa.

Maman Khalifa:
Ni dai takardu zan ja maka kunne a kai don mun sha wuya. Mun sayi gida munka biya, ashe na gado ne, babban wa ne ya sai da ba tare da ƙannensa mata sun sa hannu ba, wata shida da tarewa sai ga sammaci daga kotun shari'a. Wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, zai iya maida maka kuɗinka ya karɓi abinsa. Shekara biyu muna zarya, ina da goyo lokacin. Don haka ka tambaya gidan na wa ne, in na gado ne kowane magaji ya sa hannu gaban mai unguwa da shaidu. In sun ce akwai C of O, wato takardar mallaka ta gwamnati, ka kai lambarta KEBGIS, hukumar da ke rajistar filaye a jihar Kebbi, a duba maka sunan wa ke kai, kuma ko ba a jinginar da ita banki ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa hannun gwamna, canjin suna sai da amincewarsa kuma kuɗi ne. In takardar mai unguwa ce kawai gare su to wannan ma dalilin ragi ne babba, tunda kai za ka yi wahalar nemo ta gwamnati.

Sarkin Dillalai:
Ni dillali ne, shekara ashirin cikin sana'ar, ba dukanmu ke ƙarya ba. Ka ga mai gida, na yarda, amma kada ka zagaye wanda ya nuna maka, haƙƙinsa ne. Ku yanke la'ada tun kafin a sallama, yawanci kashi 5 cikin 100 ake cewa kuma ana ragewa. Kada kuma ka kushe gidan mutum gaban idonsa, na ga ciniki ya watse kan kalma guda. Ka tambayi dalilin sayarwa, mai son biyan kujerar Hajji ko aurar da ɗiya kuɗi hannu yake so, in ka ce yau za ka tura duka zai sauko.

Abu Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na ga mai gidan, dattijo ne, Sakkwato zai koma wurin 'ya'yansa, kuma 16 ya ce ma dillali ba 18 ba. Na taya 12 ya yi dariya ya ce albarka. Gobe magini zai duba. Maman Khalifa, takardar da ya nuna min sunan marigayi wansa ne a kai, ya ce shi ya bar mashi. Wannan ya zan yi da ita?