Katanga ko horo: wanne ke tsare kayan nukiliya?

Injiniya: Ni dai ina kan bakana. Kuɗin da ƙasashe ke zubawa a kwasa-kwasai da tarukan IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, gara a sa su a katanga da kyamara da masu gadi da bindiga. Ɓarawo ba ya tsoron satifiket.

Malama: Injiniya, to Y-12 fa, a jihar Tenesi ta Amurka, inda ake ajiye yuraniyom na haɗa bam? A 2012 masu zanga-zanga uku, ciki har da tsohuwa 'yar shekara 82, suka datse wayoyin shinge suka isa har jikin ma'ajiyar, suka fesa mata fenti. Ƙararrawa ta buga, amma masu gadi sun saba da bugun banza, wasu kyamarorin kuma sun daɗe a lalace ba a gyara ba. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba, mutanen ne suka sakankance.

Ɗalibi: Ga kuma tashar lantarki ta nukiliya ta Doel a Beljiyam a 2014. Wani ya buɗe famfo, man injin ya tsiyaye, injin ya lalace, aiki ya tsaya watanni. Na ciki ake zargi. Katanga ba ta hana ɓarawon gida.

Injiniya: Ai ka taya ni ne, ƙanena. Na cikin nan wa ya koya masa aiki? Abdulƙadir Khan a Holan ya samo zanen na'urar tace yuraniyom, ya kai Pakistan, daga baya fasahar ta isa Libiya da Iran da Koriya ta Arewa. Haɗin gwiwar ƙasashen ke nan!

Malama: Haba, ba tace yuraniyom ake koyarwa a horon tsaro ba. Ana koyar da cewa kada mutum ɗaya ya shiga ma'ajiya shi kaɗai, a riƙa lissafin kaya, ɗan kwastan ya san me zai yi in na'urarsa ta gano kayan nukiliya ta yi ƙara. A Goyaniya ta Brazil, a 1987, an bar injin gashin cutar kansa a asibitin da aka rufe. Masu jari-bola suka fasa shi, mutane suka riƙa shafa hoda mai ƙyalli da ke cikinsa a jiki, huɗu suka rasu. Wannan abin yana ci mini rai, domin rashin sani ne kawai.

Dattijo: Abin da ke damuna shi ne sirri. Ka kawo baƙi su ga inda tsaronka ke da rauni?

Malama: Ranka ya daɗe, ƙasa ce ke gayyatar tawagar IAEA mai duba tsaro da kanta, rahoton kuma nata ne, ba a bazawa.

Injiniya: Na yarda da dokar mutum biyu. Amma a fara gyara kyamarar kafin a sayi tikitin jirgi.