Sikelin nan ya hana ni sakat, me zan yi?

Maman Biyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Bayan ƙaramar Sallah likita ya ce jinina ya fara hawa, sukari ma yana bakin iyaka, in rage ƙiba. Lokacin ina kilo 94. Na dawo gida na ɗaura wa kaina alkawarin sai na sauko 79 kafin bikin ƙanwata, kilo 15 ke nan cikin wata huɗu. Na shiga Kasuwar Gumi na sayo sikeli na ajiye a ƙofar banɗaki. Kullum ina idar da asuba sai na hau, wani sa'in har bayan isha'i. Na bar tuwon dare, na bar lemon kwalba, masar da nake saya a bakin layinmu ma na ƙaurace mata.

Wata biyu na sauke kilo huɗu, sai abin ya cije a 90 har sati uku. Ranar Asabar aka yi suna a maƙwabta, na ci shinkafa da soyayyen nama. Washegari 91 da rabi. Wallahi a ƙofar banɗakin na zauna na yi ta kuka. Tun ranar na koma cin duk abin da na gani, kamar mai huce haushi. Shin ni ce ba ni da haƙuri, ko jikina ne ba ya ji?

Tsohon Direba, Kawo:
Wa alaikumus salam. 'Yata, abin da ya same ki ya same ni, har na fi ki. Shekara uku da suka wuce ni ma lamba na kafa a kaina, in ban gan ta ba ranar nan ko jikokina ba sa ganin fara'ata. Ƙarshe uwargida ta ɗauke sikelin ta kai ɗakin kaya, ban kuma tambaye ta ba.

Abin da na koma yi shi ne ƙirga abin da ke hannuna. Kalanda ce a bango, duk ranar da na yi tafiyar minti talatin bayan asuba sai in ja mata layi da biro. Ran Asabar nakan je Murtala Square in zaga tare da jama'a, sauran ranaku kuwa unguwa nake kewayawa. In an yi ruwa ko na makara, gobe ma rana ce. Tafiyar ni ke da iko da ita, amma abin da sikeli zai nuna ba ni ke yanke shi ba. Bayan wata shida sai na ga na ƙara wa bel huji, kuma ina hawa benen masallacinmu ba na tsayawa a tsakiya in yi haki. Tuwo ban bari ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko ta zogale ta fi yawa a kwanon.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:
Yaya, kilo ɗaya da rabin da ya sa ki kuka ba kitse ba ne. Mutum ba ya tara kitse haka a dare ɗaya. Abincin taro gishiri da magi sun yi masa yawa, gishiri kuwa riƙe ruwa yake a jiki. Ga abincin da bai gama wucewa ba, ga lokacin al'ada da ke sa mace ta ɗan kumbura. Nauyin lafiyayyen mutum yakan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe.

Sannan ki dubi abin da kika riga kika samu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana taimaka wa hawan jini da sukari sosai. Kashi biyar na 94 bai kai kilo biyar ba, ke nan kin kusa isa wurin kina kuka. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar a 2002, kan mutanen da sukarinsu ke bakin iyaka kamar naki. Waɗanda aka ɗora kan motsa jiki na minti 150 a mako da rage kusan kashi bakwai na nauyi, kamuwarsu da ciwon sukari ta ragu da kashi 58. Minti 150 ɗin nan shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, wato irin tafiyar Baba na Kawo sau biyar a mako. Cijewar da kika gani ma an saba ganinta, don jiki in ya ragu, abin da yake ƙonawa shi ma raguwa yake. Ki ci gaba da zuwa awon jini, shi ya fi damuna.

Ɗan Rigasa:
Hajiya, ni ban goyi bayan a jefar da sikeli gaba ɗaya ba. Na san kaina, in babu mai duba ni sai in saki jiki. Sau ɗaya a wata nake hawa, a kemis ɗin unguwarmu. Ranar biki ce dai ya kamata ki cire daga lissafin, don biki zai zo ya wuce, jinin yana nan.

Maman Biyu, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sista, ban taɓa lissafa shi haka ba, ni 79 kawai nake hange. Na ba ɗana sikelin ya ɗora saman wadirof. Yau da na taso daga makaranta ban tari Keke ba, na tako har gida, minti ashirin da biyar, kuma da daddare na ci tuwona malmala ɗaya ba tare da zuciyata ta yi min nauyi ba. Anko kuma gobe zan kai wa tela ya auna ni yadda nake. Baba, kalandar da ke ɗakina ta bara ce, zan sa a samo min sabuwa.