Wai me ya sami Magritte lokacin yaƙin duniya na biyu?

Autar_Mama:
Salam jama'a, dan Allah masana zane ku fitar da ni daga duhu. Ni dai Rene Magritte ɗin da na sani shi ne mai zana mutum da baƙar hula da kwat, da lofen nan da ya rubuta a ƙasansa wai wannan ba lofe ba ne, komai sumul kamar hoton kyamara. To jiya ina ta duba zanukansa a waya sai ga wani na 1943, mace kwance a fili, hannu da ƙafa kowanne da kalarsa, rana ta haske ko'ina, fentin ma duk dabbare-dabbare. Wlh na ɗauka kuskuren suna aka yi. Shi ne kuwa? Ana tsakiyar yaƙi kuma mutum ya koma zana annashuwa?

Baban_Fenti:
Wa'alaikissalam ƙanwata, shi ne fa, La Moisson sunan wanda kika gani. Jamus ta mamaye ƙasarsa Beljiyam a Mayun 1940, ya gudu Carcassonne a kudancin Faransa, bai fi wata uku ba ya dawo Brussels wajen matarsa Georgette, to zaman nan na ƙarƙashin sojan Hitila shi ya juya masa tunani. Wajen 1943 ya fara kwaikwayon hannun Renoir, shahararren mai zanen Faransa, kaloli masu haske, burushi a sake, mata da furanni da bishiyoyi, shi yasa ake kiran lokacin zamanin Renoir. Hujjarsa kuwa ita ce su 'yan surriyalizim, wato tafiyarsu ta masu zana abubuwa kamar na mafarki, burinsu su rikita mutane su tayar musu da hankali, sai ga 'yan Nazi sun zo sun yi wannan aikin fiye da yadda kowa zai iya, to me ya rage? Shi a ganinsa jin daɗi ne ya zama tawaye. Amma ki lura, riga kawai ya canza, halin na nan. Nemi Le Premier jour ki gani, mutum ne zaune a waje yana goga goge irin na Turawa, ga wata 'yar mitsitsiyar mai rawa tsaye a cinyarsa. Renoir ba zai taɓa zana wannan ba.

Dan_Kwalisa:
Baba a yi haƙuri amma ni ban sayi maganar tawayen nan ba. Ana kwasar mutane ana kaiwa sansani kai kana zana furanni, sannan ka ce tawaye kake? Kuma maganar gaskiya hannunsa bai faɗa da salon ba, wasu zanukan kamar hoton jikin gwangwanin alewa. Ai ko Andre Breton, ogan tafiyar tasu, watsi yayi da abun lokacin da Magritte da abokansa suka fito da takardarsu ta surriyalizim a tsakar rana a 1946.

Baban_Fenti:
Hhh ɗana, shi Breton ɗin a ina yayi yaƙin? New York fa ya tafi a 1941, sai 1946 ya dawo. Wanda ya kwana a ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo. Maganar gwangwanin alewa kam na yarda da kai a wasu, ba duka ba. Je ka kalli La Bonne Fortune na 1945, alade ne sanye da kwat a maƙabarta ya waiwayo yana kallonka ta gefen ido, haske ko'ina amma sai tsigar jikinka ta tashi.

Autar_Mama:
Kai, yanzu na kalli aladen nan, ashe da gaske ne. Na gode Baba. To yaushe ya daina?

Baban_Fenti:
Wajen 1947 zuwa 48. Dilansa na Amurka, Alexander Iolas, tsohon salon yake so saboda shi ake saya. Amma kafin Magritte ya koma tsohon salon sai da ya rama, a 1948 ya kai wa mutanen Paris wasu zanuka da yayi cikin 'yan makonni, da gangan ya munana su kamar katun ɗin 'yan tasha, ana ce musu vache, wato saniya. Ko ɗaya ba a saya ba a wajen bajekolin.