Wa zai biya maganin hannun da aiki ya lalata?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke raina. Aikina shigar da bayanai ne a kwamfuta. Daga safe har yamma hannun dama na kan maus, yatsu na kan kibod, ga adadin da aka yanka mana kullum, in ba ka cika ba a kira ka ofis. Tun bara wuyan hannuna ya fara zogi. Yanzu abin ya kai cikin dare nake farkawa in ji babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu murus, sai na yi ta yarfe hannun kafin su dawo. Sa wa yaro maɓallin riga ma ya zama aiki. Likita ya ce jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ce ta matsu, ya rubuta a yi min gwajin jijiya, in riƙa ɗaure hannun da dare, in kuma rage aikin. Na kai wa ogana takardar, ko gama karantawa bai yi ba ya ce ciwon gida na kawo musu. Ba faɗuwa na yi a ofis ba, ba inji ne ya yanke ni ba, don haka ba ruwan kamfani. Na roƙa a sauya min kujera ko a ba ni ɗan hutu tsakanin aiki, ya ce in ya yi min kowa ma sai ya zo. Ni dai na ce wajibi ne su biya maganin nan, su kuma gyara min wurin zama. Wannan ba aiki ba ne, bauta ce. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna min.

Kawu Akanta: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yata. Amma kalmar bauta ta yi nauyi, ki janye ta. Bawa ba a biyansa, ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama. Ke duk wata albashi na shiga, ƙofa kuma a buɗe take.

Mai Walda: Bauta? Hajiya ki zo ki wuni a gaban wuta ki riƙe giranda, sannan ki faɗi wannan kalmar. Kuna zaune cikin sanyi kuna danna maɓalli. Ni ban taɓa jin wanda maɓalli ya karya ba. Allah ya huci zuciyarki, amma akwai raki a ciki.

Ɗan Ƙungiya: Kawu, ƙofa a buɗe take amma yunwa ce tsaye a bakinta. Mutumin da ba zai iya cewa "hannuna na ciwo" ba tare da tsoron kora ba, me ya rage masa na 'yanci? Ni na goyi bayan kalmar, ban cire ko harafi ba.

Kawu Akanta: In haka ne duk mai ɗaukar albashi bawa ne, har da kai. Ku daina ɓata kalmomi. An yi bauta ta gaskiya a duniyar nan, an sayar da mutane a kasuwa. Cin fuska ne a haɗa su da mai ciwon wuyan hannu.

Malam Na Gefe: Ku tsaya. Ko bayin ma ai Musulunci bai bari a cutar da su ba. A hadisin Abu Zarr da ke cikin Bukhari da Muslim, an hana ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora musu to a taimaka musu. In bawa yana da wannan haƙƙin, ina ga ɗa mai aikin albashi? Don haka ko an kira shi bauta ko ba a kira ba, ogan nan bai kyauta ba.

Mai Walda: Malam, ai danna kwamfuta bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗana na firamare ma yana yi.

Anti Nas: Mai Walda, ɗan uwa, ba nauyin abu kaɗai ke jawo wannan ciwon ba. Maimaita motsi ɗaya ne ba hutu, da lanƙwasa hannu ba daidai ba na tsawon lokaci. A wuyan hannu akwai wata ƙunƙuntar hanya, ƙasusuwa ta ƙasa, wata ɗamara mai tauri ta sama. Ta nan jijiyoyi guda tara da ke lanƙwasa yatsu suka bi, tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Da wurin ya kumbura sai wannan jijiyar ta matsu. Shi ya sa ƙaramin yatsa yawanci ba ya mutuwa, shi ya sa kuma abin ya fi tashi da dare, saboda mutum na barci da hannu a lanƙwashe. In aka bar shi ya daɗe, tsokar gindin babban yatsa na iya zubewa, riƙon abu ya gagara. Kuma ka ji da kyau: masu riƙe injin da ke girgiza hannu irin girandarka suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa, hujjar da ake da ita a kansu ma ta fi ta masu kibod ƙarfi. Gaskiya ɗaya ce, akwai wasu abubuwan da ke jawo shi, kamar ciwon suga, juna biyu, ƙiba da matsalar tayirod (wani ƙullin nama da ke gaban wuya), kuma ya fi yawa a mata. Likita ne zai tantance.

Kawu Akanta: To kun ji! Ma'aikaciyar lafiya da bakinta ta ce suga da juna biyu ke kawo shi. A kan me kamfani zai biya?

Anti Nas: Kawu, ba haka na ce ba.

Mai Walda: Tunda an ce ya fi yawa a mata, ai magana ta fito. Wanki ne da aikin gida da latsa waya har tsakar dare, sai a zo a ɗora wa ofis.

Hajiya Tela: Kai Mai Walda, ka iya bakinka. Ko da yaushe mace ta ce tana ciwo sai a ce raki ne ko waya ce. Ni shekara da shekaru ina kan keken ɗinki, kafaɗata da gwiwar hannuna sun san abin da suka gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma in aikin gida ne ya ƙara mata, wa ya hana ku kama mana?

Mai Walda: Hajiya ni ban zagi kowa ba. Matata ba ta taɓa kukan hannu ba.

Hajiya Tela: Ka taɓa tambayarta?

Ɗan Ƙungiya: Mu koma kan hujja. Wannan ciwon ba yau aka gano shi ba. Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, tun a 1700 ya yi rubutu kan cututtukan sana'o'i, daga baya ya ƙara da na magatakarda masu wuni suna rubutu da alƙalami. A lokacin ina kwamfuta, ina wayar latsawa? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a jerin cututtukan aiki da ta sabunta a 2010 ta sa wannan matsewar jijiyar wuyan hannu a ciki, in aikin na maimaita motsi ne da ƙarfi, ko girgiza, ko lanƙwasa hannu fiye da kima. Yarjejeniyarta mai lamba 155 ta 1981 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tsare lafiyar wurin aiki gwargwadon abin da zai yiwu, ta kuma ce kada matakan kariya su ci kuɗin ma'aikaci. A Ingila tun 1992 akwai dokar masu aiki da allon kwamfuta: a duba wurin zamansu, a tsara musu hutu ko sauyin aiki, a biya musu gwajin ido. Kujera da ɗan hutu kawai baiwar Allah nan ta roƙa aka hana ta. In ba bauta ba me za ku kira shi?

Kawu Akanta: Yarjejeniya ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta amince da ita. Kuma a Amurka an kafa irin wannan ƙa'idar a ƙarshen 2000, majalisa ta soke ta a 2001 saboda nauyin da za ta ɗora wa masu kamfani. Ku masu ƙungiya ba ku taɓa biyan albashin mutum ɗaya ba, shi ya sa bakinku ke da sauƙi.

Ɗan Ƙungiya: Dama mun sani Kawu, duk inda aka taɓa masu kamfani sai ka taso. Littafinsu kake riƙewa, a aljihunsu kake ci. Ɗan kanzagi ai ya fi mai kaya zaƙewa.

Kawu Akanta: Yaro, na haifi kamarka. Ban ci maka mutunci ba, kada ka ci min. Shugaba, ka ga abin da ake yi ko?

Malam Na Gefe: Ɗan Ƙungiya ka ba Kawu haƙuri, babba ne.

Ɗan Ƙungiya: Girmansa na nan, amma shi ma ya ba baiwar Allah haƙuri da ya ce ƙofa a buɗe take. Wannan korar mara lafiya ce a fakaice.

Maman Biyu: Don girman Allah, ni hannu ɗaya nake rubuta muku wannan. In kalmar ce matsala na janye. Tambayata ita ce me zan yi da ogan nan?

Mai Walda: Kun gani, ita ma ta yarda ba bauta ba ce.

Shugaban Zaure: To jama'a, abin ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Mafi yawanmu mun yarda kalmar bauta kuskure ce, mai maganar ma ta janye, Allah ya saka wa Kawu da ya fara gyarawa cikin hikima. Anti Nas ta bayyana mana cewa ciwon yana da dalilai da yawa da ba su shafi ofis ba, don haka ba a gaggawar ɗora wa kamfani laifi. Dokokin da aka kawo na wasu ƙasashe ne. Shawarata ga 'yar uwa ta yi haƙuri, ta lallaɓa oganta, aiki yanzu wuya gare shi. Ɗan Ƙungiya, wannan gargaɗi ne, a daina taɓa manya. An rufe wannan maganar.

Anti Nas: Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, an juya min magana. Samun wani dalilin ba ya wanke aikin, ciwo kan taru daga wuri biyu, kuma aikin da ke tsananta shi dole a gyara shi. Maman Biyu, ki daina yi da baki. Ki rubuta takarda zuwa ofishin kula da ma'aikata, ki sa kwanan wata, ki haɗa da kwafin rahoton likita, ki riƙe naki kwafin. Ki roƙi likitan ya rubuta irin aikin da kike yi da abin da ya hana ki. Ki duba takardar ɗaukarki aiki da dokar diyyar ma'aikata ta ƙasar da kike, da yawansu suna da wa'adin kai rahoto, kada ya wuce ki. In sun yi shiru, ofishin ƙwadago ko lauya. Kafin nan, wuyan hannu ya miƙe sak a kan kibod, ki matso da maus kusa da jiki, ki riƙa sakin hannun na 'yan mintuna duk awa. Gwajin jijiyar nan kuma kada ki jinkirta shi don jiran wanda zai biya, ki ajiye rasit.

Hajiya Tela: Shugaba, "mafi yawanmu" su wa? Ni ba a ƙirga da ni ba.

Ɗan Ƙungiya: Ni ma haka. Maman Biyu, ki turo min saƙo ta gefe in taya ki tsara takardar yau ɗin nan.