Neman kalma: me za mu kira "luxury food" da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ke tsaya wa masu fassara a wuya: "luxury food", wasu su ce "fancy food". Ba abincin manyan otal nake nufi ba. Ina nufin abincin nan da yaro ke hange ya ɗauka duk gidan da ake cin sa sun gama da duniya: kifin gwangwani, cakulan, askirim, tuffa, biskit ɗin nan na cikin shuɗin gwangwani mai zane. Sai ya girma ya fara riƙe kuɗinsa, ya tarar ashe abin bai taka kara ya karya ba.

Cikin amsoshin da kuka kawo kan wannan tambaya, da yawanku kun ce "abincin alatu". Na yarda tana da wurin zamanta. A Ingila ta ƙarni na 18, abarba ba ta nuna sai a ɗakin gilashi da ake hura wa wuta, saboda haka sai attajirai. Har hayarta ake bayarwa, a ɗora ta tsakiyar tebur ranar liyafa, baƙi su kalla, washegari a mayar wa mai ita ba a yanka ba. Wannan kam alatu ne, domin an same ta ne don a gani.

To amma ku dubi ayaba a Jamus ta Gabas. A Jamus ta Yamma tana jibge a kowane kanti, ba wanda ya damu da ita. A Gabas kuwa gwamnati ba ta da isassun kuɗin waje na shigo da ita, sai jefi-jefi take zuwa, in ta zo kuma layi ake yi. Da katangar Berlin, wadda ta raba gabashin birnin da yammacinsa, ta faɗi a Nuwamban 1989, ayaba na cikin abubuwan da masu tsallakawa suka fara rububi. Wa zai kira ayaba alatu? Rashin samu ne ya ɗaga darajarta, kuma abin da ke ɗaga darajar abinci a idon yaro ke nan. Shi bai san farashi ba. Ya dai san ana kulle abin a kabad, ana fito da shi ran da aka yi baƙo ko ran da wani ba shi da lafiya. Ya san yadda ake naɗe murfin gwangwanin kifi da ɗan mabuɗinsa a hankali kada man ya zube, da yadda ake dangwale ragowar man da burodi har gwangwanin ya yi fes.

"Kayan kwalama" da "maƙulashe" na ajiye su gefe. Su ana cin su ne tsakanin abinci da abinci, kuma da ɗan zargi a cikinsu.

Malam da ya kawo "abincin masu hannu da shuni", Allah ya ƙara basira, amma ta yi tsawo, kuma ba kullum take gaskiya ba. Sau tari mai ƙaramin ƙarfi ne ke matsawa ya sayo don ya faranta wa 'ya'yansa.

Yaya da ta ce "abincin 'yan gayu", wallahi taki ta fi kowacce kama idon yaro. A hira ita zan ɗauka. Sai dai akwai zolaya a cikinta, mai karanta labarai ba zai faɗe ta da fuska a ɗaure ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kalmar ta iya ɗauka: abinci yakan sauka daga wannan matsayi. Lokacin da Momofuku Ando ya fito da taliyar leda mai dahuwa nan take a Japan a 1958, ta fi ɗanyar taliya tsada, ana yi mata kallon abin ƙawa. Yau ita ce abincin ɗalibin da aljihunsa ya bushe. Ke nan muna bukatar kalmar da ke nuna halin mai ci, ba irin abincin ba.

Shi ya sa na tsaya kan "marmari". Marmari sai abin da ba a samu kullum, kuma da zarar ya yawaita ya tashi daga marmari. Na san abin da za ku ce: "kayan marmari" ta riga ta zama sunan 'ya'yan itatuwa. Haka ne, kowa ya ji ta lemo da kankana zai tuna. Mafita ita ce a bar "kaya" inda take, a ce "abincin marmari".

Ku gwada ta a baki. "Da muna yara askirim abincin marmari ne." "Zuwan firiji ya fitar da shi daga marmari." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe, kuma ba a bukatar ƙarin bayani.

Ga yadda na raba su: abin da yaro ke hange, abincin marmari, abin da aka saya don a nuna arziki, abincin alatu, na liyafar shugabanni da manyan otal, abincin alfarma. Wanda yake da wadda ta fi ta farkon gajarta ya kawo, amma ya fara saka ta a jimloli biyun nan tukuna.