Ina neman taimako: sandar golf ɗina tana sauka ta waje

Assalamu alaikum 'yan uwa masu buga golf. Daga Bauchi nake, kuma wata matsala ta sha min kai.

Ina jingina waya a bayana in ɗauki bidiyo, sannan in ja layi a bidiyon daga kan sanda zuwa ƙuguna. A bidiyon ƙwararru, idan sanda ta sauko daidai ƙugu, sangalin hannun dama yana kusan kwanciya kan layi ɗaya da sandar, gwiwar hannu kuma tana matse kusa da haƙarƙari. Ni tawa gwiwar buɗewa take, sandar ta faɗo ta saman layin, ƙwallo ta karkace dama kamar an kira ta.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne ƙwararrun ma ba su yi kama da juna ba. Bryson DeChambeau, wanda ya ci babbar gasar golf ta US Open a 2020 da 2024, yana ɗaga sanda ya sauke ta kusan kan hanya ɗaya. Jim Furyk kuwa sai ya yi wani lanƙwasa a sama, abin dariya ma, amma shi ma ya ci US Open a 2003. Wajen dukan ƙwallon dai sai ka ga hannayensu sun daidaita.

To, daidaituwar sangali da sanda ita ke gyara bugu, ko juyin ƙugu ne ke haifar da ita? Sannan wayar, a tsayin hannu zan ajiye ta ko daidai ƙwallo? Da na ɗan matsar da ita, layin ya canja.